Yara bakwai a zaurenmu: me zan fara koya musu kafin su shiga sakandare?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Taura, ba nisa da Gujungu. Bara na gama NCE, Larabci da Addinin Musulunci na karanta. Aiki bai samu ba tukuna, sai na dawo gida ina taya Baba noma. Autarmu ta gama aji shida bana, ita da wasu yara shida na unguwarmu. Iyayensu suka same ni suka ce tunda ina gari, in riƙa zama da su a zaurenmu bayan la'asar, ko Allah zai sa su shiga sakandare da ɗan abin hannu. Saura mako bakwai a koma makaranta.

Ranar farko na ce bari in ga inda suka tsaya. Na tambaye su da Turanci mene ne suna a nahawu, kafin in rufe baki sun ɗauka gaba ɗaya kamar masu rera waƙa, ba wanda ya yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya. Na ji daɗi. Sai na rubuta a allo da Hausa: Akuya ta ci dawa. Na ce wani ya taso ya nuna min suna a nan. Shiru. Na rubuta 305 da 35, uku daga cikinsu suka ce duk ɗaya ne, wai ai sifiri ba komai ba ne. Na tambaya tsakanin 1/2 da 1/4 wanne ya fi yawa, biyar suka ce 1/4, saboda huɗu ta fi biyu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne na autarmu. Ita ke kai wa Inna awara bakin masallaci kullum da yamma. Ka ba ta ɗari biyar ka sayi na ɗari da hamsin, kafin ka ƙifta ido ta miƙo maka ɗari uku da hamsin, ba ta taɓa dawowa gida da kuɗi ba su cika ba. Amma da na rubuta mata 500 a ɗebe 150 a allo, sai ta samu 450. Na ce mata: in awara ce fa? Ta kalle ni ta ce, "Yaya, ai wannan na makaranta ne." A ranta lissafin makaranta daban, lissafin duniya daban. Daren nan na daɗe ban yi barci ba.

Ban ga laifin yaran ba. Malamai uku ne ke riƙe da azuzuwa shida a makarantarsu, in damina ta sauka kuma rabin aji na gona.

Ina da allon katako da na shafe da baƙin batir, da alli, da littattafai biyu da na aro. Ba mu da wuta. Tambayata ga malamai da iyaye: a lissafi, da kimiyya, da Hausa da Turanci, da labarin ƙasa da tarihi, mene ne harsashin da in yaro ya same shi sauran ginin zai zauna? Ba na son in ƙara musu hadda a kan hadda. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Shekara 35 na yi da alli a hannu, yawanci a ƙauyukan ƙasar Bichi, kuma wannan 450 da ƙanwarka ta samu na gan ta ya fi a ƙirga. Ta ga ba za a ɗebe biyar daga sifiri ba, sai ta juya ta ɗebe ƙarami daga babba. Ba daƙiƙanci ba ne. Ba a taɓa nuna mata abin da gurbin lamba yake nufi ba, kuma daga nan za ka fara, ko da zai ci maka mako biyu.

Ka aike su su karyo tsinken tsintsiya mai yawa. Tsinke goma, a ɗaure da zare, ya zama ɗauri ɗaya. Ɗauri goma, a haɗa a ɗaure, ya zama dami. Ka jera kwano uku a ƙasa: na dama na tsinke warwara ne, na tsakiya na ɗauri, na hagu na dami. Doka ɗaya ce, ba kwanon da zai riƙe abu goma. Da sun cika goma sai a ɗaure a tura ɗakin gaba. Yanzu ka ce wani ya zuba maka 35, wani kuma ya zuba 305. Da idonsu za su ga na biyun dami uku ne da tsinke biyar, kwanon tsakiya wayam. Sifirin nan mai gadi ne, yana tsare ɗakin da ba kowa don kada uku ta matso ta zauna a inda ba nata ba. Wanda ya nace cewa sifiri ba komai ba ne, ka tambaye shi ko zai karɓi naira 50 a madadin 500.

Ɗebewa ma da kwanukan za ka yi. 42 a ɗebe 17: tsinke biyu ne kawai a kwanon dama, ana neman bakwai. Me za a yi? Ka yi shiru, ka bar su. Wani a cikinsu zai kai hannu ya kwance ɗauri ɗaya. Abin da ake ce musu aro ke nan, alhali ba aro ba ne, canji ne, kamar yadda ƙanwarka ke fasa ɗari biyar.

Ka ba su ɗan labari kuma, yara na son sanin asalin abu. Lambobin nan daga Indiya suka taso, wani malami a Bagadaza mai suna Alkhawarizmi ya rubuta bayaninsu a ƙarni na 9, daga baya Turawa suka karɓa ta hannun Larabawa. Kalmar sifiri Larabci ce, haka ma aljebra, kai ka fi ni sanin wannan.

Batun 1/2 da 1/4, ka sayi gurasa biyu. Ɗaya a raba wa mutum biyu, ɗaya a raba wa huɗu, kowa ya faɗi layin da yake so ya shiga. Lambar ƙasa yawan masu rabo ce, kuma in masu rabo suka yi yawa kaso ƙanƙancewa yake. A nan ne na yi mamakinka, ɗana. Kai da ka karanta ilimin gado, ai darasin yana aljihunka. Aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu, sudusi. Ka ce musu mutum ya rasu ya bar buhun gero 24, da mata, da uwa, da 'ya'ya. Matar na da sumuni, buhu 3. Uwar na da sudusi, buhu 4. Sai ka tambaye su me ya sa malamai suka zaɓi 24 a irin wannan mas'ala. Saboda ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 duk suke raba ta ba saura. Wannan shi ne abin da za a koya musu a aji ɗaya na sakandare in an zo tara kaso da kaso, za su same shi da sunan Turanci, amma sun riga sun san fuskarsa.

Saura abu uku, a gurguje. Alamar daidai sikeli ce, ba wai tana nufin "ga amsa" ba. Abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da na dama, duk abin da ka cire a nan sai ka cire a can. Buhu a ɗaure da kwano uku a gefe sun yi daidai da kwano goma, kwano nawa ne a buhun? Aljebra ke nan, harafin x buhu ne da ba a kwance ba. Na biyu, lambar da ke ƙasa da sifiri bashi ce: kana da 20, ana bin ka 50, kana kan 30 ta bashi. Na uku, kewaye daban, faɗin fili daban. Ka fita da su bayan gari. Fili mai taki 10 tsawo 10 faɗi, da mai 15 tsawo 5 faɗi, duk darnin taki 40 za su ci, amma na farko ya ɗauki murabba'i 100, na biyu 75. Manya ma na cutuwa a nan wajen sayen gona.

Haddar sau-sau kuwa kada ka yar da ita. Su jera duwatsu layi uku na hurhuɗu su ga 12 da idonsu, bayan nan su haddace har ta zauna. Hadda ba laifi ba ce in ta biyo bayan fahimta.

Bakano na Wudil:

Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya, bayanin ya yi. Amma ina da ja a wuri ɗaya, a yi min afuwa. Duk wannan da Hausa za a yi shi, alhali jarrabawar aji uku, da WAEC, da NECO, da JAMB duk da Turanci ake tambaya. Ni ganau ne. Na fito daga ƙauye ina da ƙoƙari a lissafi, in aka rubuta min lambobi zalla ba na jin tsoro. Amma da zarar an saka tambayar cikin jimlar Turanci sai in tsaya ina kallon takarda, ban san tarawa ake so ba ko rabawa. Sau biyu na zauna jarrabawar fita kafin in samu Turanci, shekara guda ta tafi a banza, har yau ina jin zafinta.

Don haka ɗan'uwa, shawarata: ka yi bayani da Hausa, na yarda, amma kada yaro ya tashi daga zauren nan bai ji sunan abin da Turanci ba. Kowa ya tsaga layi a tsakiyar shafi, Hausa a hagu, Turanci a dama. Kalma biyar a rana ta isa. In kun yi kwana biyar a mako, mako bakwai, kalma 175 ke nan, kuma kowacce ya taɓa abinta da hannu kafin ya rubuta ta. Ka fi ba da ƙarfi ga kalmomin umarni da ake buɗe tambaya da su, irin su lissafa, bayyana, kwatanta, zana, nemo. Yaro da yawa ya san amsa, abin da aka ce ya yi ne bai gane ba.

Malama Uwar Biyu:

Ƙanena Ɗan Fadama, sannu da ƙoƙari. Ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata a ƙasar Kazaure, su waɗannan yaran naka irinsu nake karɓa duk shekara. Kafin lissafi, kafin komai, ka tabbatar sun iya karatu. Kada ka gwada su a taro, domin a taro mutum biyu ke karantawa, sauran na bin baki. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta jimlar da ba su taɓa gani ba, ka ce ya karanta, sannan ya faɗa maka abin da ta ce. Ka shirya zuciyarka, za ka iya samun wanda ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba.

In ka same shi, kada ka kunyata shi. Ka koma kan gaɓa. Wasula biyar ne, a e i o u, a ɗora su kan baƙi: ba be bi bo bu. Duk yaron da ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya riga ya san wannan dabarar, baƙi da wasali su haɗu su ba da sauti. Ka faɗa masa haka ƙarara, ka ce abin da ya yi a allo ne aka sauya wa riga. Rubutun Hausa na da sauƙi domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Sai ka kula da masu ƙugiya: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, kara da ƙara. Ka rubuta "Na ga baki a ƙofa" ka ga ko wani zai gyara maka.

Bakano na da gaskiya a kan jarrabawa, ba na musu. Inda na bambanta da shi shi ne tsari. Wanda ya iya karatu da harshensa sau ɗaya ya koyi karatu, in ya zo Turanci kalmomi kawai zai nema. Wanda aka fara masa da Turanci kuwa yana kokawa da abu biyu a lokaci guda, ga haɗa baƙi ga ma'ana, shi ya sa yake gudu ya fake a hadda. Kuma ka gaya musu gaskiya cewa Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun haura 40, harafi ɗaya kan yi sauti biyu ko uku. In yaro bai san haka ba sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Ka kuma yi musu atisayen p da f da v, domin bakinmu bai saba raba su ba.

Nahawu kuwa wasa nake mayar da shi. In ce kowa ya taɓa abu a ɗakin ya faɗi yadda ake kiransa: tabarma, buta, allo. Suna ke nan. In ce kowa ya yi wani abu, mu faɗi abin da ya yi: ta tashi, ya zauna, ta ɗauka. Aikatau ke nan. Wace irin buta? Jar buta, tsohuwar buta. Sifa ke nan. Ka koma kan akuyarka da dawarta bayan wannan wasan. Jimla kuma ba ta wuce tambaya biyu ba: wa ake magana a kai, kuma me aka ce game da shi.

Abu na ƙarshe, ka ce kowa ya karɓo tatsuniya ɗaya daga bakin kakarsa ya rubuto ta, ko layi biyar ne. A nan za ka ga wanda ya san inda ake sa aya.

Yaya Mai Rigakafi:

Ni ba malama ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce a karkarar Gumel, amma kimiyya ita ta ba ni abin yi, bari in sa baki. Ƙanena, kimiyya a matakin nan ba jerin sunaye ba ce, ɗabi'a ce: ka duba, ka tambaya, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani ko da ya saɓa wa abin da ka zata. Kuma kana zaune a tsakiyar ɗakin gwaji, tunda damina ce.

Fara da randar Inna. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Su taɓa bayan randar su ji damshi. Ƙasar da aka gina ta da ita na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Aikin gumi ke nan a jikinmu. Daga nan ka ba su halaye uku na abu: ƙanƙara, ruwa, tururi, abu ɗaya ne zafi ke sauya masa kama. Sannan ka ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami ne da ya yi aiki a nan Jigawa. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga yalo da tumatir da tattasai suna yin makonni maimakon 'yan kwanaki. Ya raba tukwanen a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ina son yaranmu su ji cewa mai kimiyya na iya fitowa daga inda ake gina tukunya. Ku gwada, amma ka sani ta fi aiki da rani, domin da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa.

Tsiro kuma: ku ɗaura farar leda a reshen darbejiya da safe, ku dawo da la'asar ku ga ruwa ya taru a ciki. Daga ina ya zo? Saiwa ta jawo, ganye ya fitar. Ganye shi ne madafar tsiro, yana haɗa ruwa da iskar kabon da hasken rana ya yi abinci, ya saki oksijin da muke shaƙa. Taki ba abincin ba ne, kayan haɗi ne. Ku shuka wake a gwangwani uku, ɗaya a rana da ruwa, ɗaya a rana ba ruwa, ɗaya a ƙarƙashin gado da ruwa, abu ɗaya kawai ake sauyawa a kowanne, in ba haka ba ba za a san mai laifi ba. Ku tuge gyaɗa ɗaya ku duba ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a ciki suna kamo naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu, kuma shi ake saye a buhun yuriya. Dalilin da ya sa iyayenmu ke surka gero da wake ke nan, kuma gawo ma dangin wake ne, shi ya sa hatsin gindinsa ke fin na gefe kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin cuta. Yaro ya yarda cewa akwai masu rai da ido ba ya gani, kuma ruwa na iya zama garau alhali yana ɗauke da cuta. Zazzaɓin cizon sauro macen sauro ce ke ɗauko ƙwayarsa daga jinin wani ta kai wa wani, an tabbatar da haka tun 1897. Ku leƙa tsohuwar taya ko fasasshen kasko ku ga 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil, ku zubar. Ku da ke bakin fadama kuma, ka yi wa mazan nan maganar tsargiya. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa, tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata lokacin wanka a kududdufi, kuma tana da magani a asibiti.

Ɗan Birnin Kudu:

Labarin ƙasa ka fara shi da tsinke a ƙasa. Su zana garinku kamar yadda shirwa ke ganinsa daga sama: masallaci, rijiya, gidan mai gari, hanyar Gujungu. Taswira ke nan. Gabas sun santa saboda salla, in ka fuskance ta arewa na hagunka. Sai ku bi ruwan da ke wuce ku: kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya, ya gangara ya haɗu da na Jama'are, ya zama Komadugu Yobe, ya faɗa tafkin Chadi. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 tana can sama, don haka abin da aka yi da ruwa a Kano yana shafar mai shinkafa a Haɗejiya.

Juyawar duniya, da tocila da lemo bayan magariba. In alhaji ya bugo waya daga Makka ya ce sun sha ruwa, mu nan da sauran rana, agogonsu na gaban namu da awa biyu, domin suna gabas da mu. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, shekarar rana 365, bambancin kwana 11 shi ke sa azumi ya zagayo daga bazara zuwa hunturu. Damshin damina daga tekun Atilantika yake zuwa ta kudu maso yamma, hunturu kuma daga Sahara ta arewa maso gabas. Za su ce maka ai hadari daga gabas yake tasowa. Gaskiyarsu, iskar can sama ce ke turo shi daga gabas, ka yaba wa wanda ya lura.

Tarihi kuma igiya nake ba ka shawara. Kowane ɗani shekara goma, a ƙulla alama: 1804 jihadin Shehu Usmanu, 1903 Turawa suka ci Kano, 1906 suka yaƙi Haɗejiya, 1960 'yancin kai, 1967 jihar Kano, 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, wadda yanzu take da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar. Kowa ya tambayo kakansa yana da wayo lokacin canjin kuɗi ko a'a, a ƙulla haihuwarsa a igiyar. Sannan tambayar da ta fi kowace: ta yaya muka sani? Ko daga bakin dattawa, ko daga rubutu, ko daga abin da magabata suka bari, kamar ganuwa da zanen shanun da ke jikin duwatsun garinmu.

Ɗan Fadama:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Kwana goma ke nan, ga abin da ya faru.

Na bi maganar Malama na gwada su ɗai-ɗai a soron ciki. Huɗu na karatu sosai, biyu na ja da ƙyar, ɗaya kuwa, babbansu ma, ɗan shekara goma sha huɗu, bai iya haɗa gaɓa biyu ba. Shi ne ya fi kowa ɗaga murya ranar da suka rera min ma'anar suna. Da ya ga na gane sai idonsa ya ciko. Na ce masa ba wanda zai ji daga bakina. Yanzu yana zuwa bayan asuba kafin a tafi gona, mu yi rabin awa mu biyu. Ya yi izu biyar a allo, kuma da na ce masa farfaru ne aka sauya wa riga, sai ya yi murmushi. Jiya ya karanta "tabarma" da kansa.

Baba Hedimasta, kwanukan sun yi aiki. Autarmu ce ta fara kai hannu ta kwance ɗauri. Da muka koma kan 500 a ɗebe 150 ta fasa dami ɗaya, ta ƙirga, ta samu 350, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Ashe canji ne." Inna dai ta ce in sake taɓa mata tsintsiya sai na saya. Shafin Bakano mun kai kalma 40. Waken ƙarƙashin gado ya fito dogo fari sol, yaran suka ce shi ya fi girma don haka duhu ya fi, na ce a bar shi mako guda tukuna kowa ya rubuta abin da ya gani.

Matsalata yanzu biyu. An shiga maimai, maza biyu sun yi fashin kwana uku. Sannan shi babban nasu, in aka koma makaranta karatunsa bai nuna ba, in bar shi ya shiga aji ɗaya haka, ko in yi wa mahaifinsa magana?

Tsohon Hedimasta:

Masu fashi, ka bi su gonar ranar da ka samu sarari, ku auna ta da taki ku lissafa kunya nawa suka yi, ya zama darasin ranar. Shi kuwa yaron, kada ka hana shi shiga. Mai shekara goma sha huɗu in aka ce ya tsaya, ƙannensa su wuce shi, ba makaranta zai koma ba, tasha zai tafi. Ka samu mahaifinsa kai da shi, ba a majalisa ba, ka roƙi alfarmar rabin awan asubar nan ya ɗore har bayan an koma. Ka daina ba shi kalma ɗai-ɗai da zarar ya iya ashirin, ka rubuta masa gajeren labari a kan gonarsu da sunan sansu a ciki. Ranar Juma'a ka dawo ka faɗa min layi nawa ya karanta.